Wuyan Hannuna da Warƙar Baba

Goggo ta sha faɗa wai tun ina yaro ba a taɓa ganin na gama cin tuwo a zaune ba. Ban musa mata ba. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, mai saurin hawa, kuma shekarar da muka gudo daga Mubi abin ya ƙaru har ni ma na fara gajiya da kaina. A Jambutu muka sauka, gidan Goggon, matar marigayi wan Baba, Bafulatanar cikin Yola da aure ya kawo Jimeta. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, don haka daga ni sai Baba muka zo. Goggo ta kwashe kayan ɗaki guda ta ba mu, ba ta taɓa tambayarmu ranar tafiya ba.

Baba mutumin Borno ne, kowa Goni yake ce masa. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu, da ka. A gidanmu aikin kashi biyu ne. Shi ke rubuta baƙi, wato haruffan kansu, ni kuma in bi baya da jar tawada ina sa wasali. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake sa masa ja, amma bai taɓa barina na ɗora baƙar tawada a takarda ba, sai dai a allo. Alƙur'anin da muka gudo da shi, ya gama baƙinsa duka izu sittin ana saura 'yan makonni mutanen nan masu tayar da ƙayar baya su shigo gari, kuma da ƙyar ya gama, don yana ta riga ta fara rufe masa idanu. Muna isowa Jimeta suka ƙarasa, haske da duhu kawai yake bambancewa. Saboda haka kowa ya sani, ko ba a faɗa ba, wannan shi ne na ƙarshe. Duk warƙa, wato fallen takarda, da ta lalace a cikinsa ta lalace ke nan, hannun da ya rubuta ta ba zai sake ta ba. Jan izu ashirin ya rage, kuma a wuyana yake.

Abin da ya kai ni wajen ɗaga ƙarfe kuwa a hanya ya faru. Kwana biyu muna tafiya a ƙasa, ƙafafun Baba suka kumbura. A wani ƙauye muka samu motar hatsi za ta Yola, irin mai dogon bodin nan, mutane na ta rububin hawa. Na rataya gafakar Alƙur'anin a baya, na rungumi Baba ta ƙugu zan ɗaga shi. Ya ƙi tashi. Na sake, hannuna ya zame, Baba ya zube a ƙasa zaune, hularsa ta gangara ƙarƙashin mota. Sai wata mata, da goyo a bayanta, ta ce, "Matsa, malam." Ta sa kafaɗa ta tura shi sama kamar buhun gero, na sama suka karɓe shi. Wallahi har yau idan na tuna sai fuskata ta yi zafi. Namiji ɗan shekara ashirin da biyar, ya kasa ɗaga tsoho wanda ƙashi da fata ne kawai.

A Jambutu wannan abin ya hana ni sakat. Ga zaman banza, ga rediyo, ga jita-jita. Yau a ce an ƙwato gari kaza, gobe a ce ƙarya ne. Tayar keke ta fashe a bakin titi, sai ka ga kowa ya zubar da abin da ke hannunsa ya ruga, a dawo ana dariyar da ba ta kai ciki ba. A ƙofar masallaci sai an shafa jikinka kafin ka shiga. Wani lokaci maharba su wuce a bayan a-kori-kura da bindigoginsu da layu, mutane na yi musu addu'a, ni kuma in dubi yatsuna, sirara, da jar tawada a gefen farce. In fita ba dalili, in kai kasuwa in dawo, in zauna, in tashi. Goggo ta ce, "Ɓingel am, ɗana, ka bar min tabarma ta huta, tun safe kake naɗewa kana shimfiɗawa."

A irin wannan yawon na ji ƙarar ƙarfe da nishi a bayan shagon wani mai walda. Na leƙa. Ƙarƙashin darbejiya aka ajiye wani benci da aka haɗa da katako da guntayen ƙarfe, da dogon rodi, da ƙafafun siminti da aka zuba a bokitin fenti, da wasu faifan birkin babbar mota. Direbobin keke ne da 'yan dako da wani malamin firamare, kowa ya tuɓe riga. Mutum zai kwanta rigingine a bencin, ya sauke rodin zuwa ƙirjinsa, ya tura shi sama. Mai shagon, wanda duk Oga suke ce masa, gajere ne mai kauri, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ina so in zo bayan asuba, kafin rana ta fara gasa mutane.

Ran farko ya ce in fara da rodin kawai, ba a sa komai. Raina ya ɓaci nan take. Rodi kawai, a gaban 'yan dako? Na ce a sa min ƙafa ɗai-ɗai. Ya ɗaga kafaɗa, aka sa. Na kwanta, na kama, na ɗaga da ƙyar sau uku, idanuna kamar za su faɗo.

"Malam, hannunka ya karye baya," in ji Oga. "Ba haka ba. Rodi zai zauna nan, gindin tafi, saman ƙashi. Babban yatsa ya zagaye shi. Ka dunƙule kamar za ka naushi sama. Sumol-sumol, a hankali."

Na ce to. A zuciyata kuwa cewa nake, mai walda ne zai koya min riƙo? Ni da aka shekara ashirin ana koya min riƙo? Nan ne fa kuskuren yake, kuma ba wanda zai yi shi sai ɗan gidan marubuta. Tun ina ƙarami, in na damƙe alƙalami Baba yakan ɗalle min yatsa ya ce, "Sassauta, ba wuƙa ba ce." Yatsu uku, riƙo sako-sako, wuyan hannu a lanƙwashe baya kaɗan don kada gefen tafi ya taɓa ɗanyar tawada. Wannan ya zama jikina, ko cokali haka nake riƙewa. To haka na riƙe rodin Oga. Ya kwanta a kan yatsuna, babban yatsa na gefe yana kallo, wuyan hannun ya karye baya, duk nauyin simintin nan ya taru a gaɓar da ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi kurtun tawada ba.

Oga ya sake faɗa washegari, ya sake faɗa jibi. In yana kallo in gyara, da nauyi ya sauko sai hannun ya koma yadda ya saba. Daga baya ya ƙyale ni, ya ce, "Jiki magayi." Ni kuma kullum sai na ce a ƙara. Gani nake in na kai nauyin da ya yi daidai da Baba, in na tura shi sama sau goma, matar nan mai goyo za ta fita daga kaina.

Ciwon da zugi ya fara, a hannun dama, ta ɓangaren babban yatsa. Na ce gajiya ce. Bayan mako biyu na kasa matse rigata in na wanke. Butar alwala sai da hagu. A sujada na kasa shimfiɗa tafina a ƙasa, sai in dunƙule hannu in dogara, ina satar kallon na kusa da ni ko ya gani. Abin da ya fi ba ni tsoro ba zafin ba ne, sanyin hannun ne: ina riƙe da kofi, haka kawai sai ya sake shi ba da izinina ba. Goggo ta lura, ta tambaya, na ce kwanciya na yi a kai. Ta gasa min da ruwan zafi ta shafa man kaɗanya, ta ce, "Kwanciyar nan taka kullum a hannu ɗaya take." Maimakon in huta, sai na yago bakin tsohon zane na ɗaure wurin tamau, na koma benci na ce a ƙara. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama.

Daga wajen Oga nakan dawo in yi wanka, da hantsi in zauna aikin ja a ƙarƙashin rumfar Goggo, lokacin da haske ya fi kyau. Baba na zaune a damana a kan buzunsa, yana jan carbi. Ba ya ganin komai, amma kunnensa na kan alƙalamin. Alƙalamin kara yana da ƙara a takarda, ɗan ƙis-ƙis, kuma shi ya san na lafiya. Wata rana ya ce, "Alƙalaminka yana tari yau." Na ce fiƙar ce ba ta yi ba. Ya ci gaba da carbinsa.

Akwai doka ɗaya a aikinmu da ba a wasa da ita. Kurtun tawada a ƙasa yake zama, ta dama, a cikin ɗan kaskon yashi, kamu biyu daga takarda. Hannu ke zuwa wajen kurtu, kurtu ba ya zuwa wajen takarda, kuma ko da wasa ba ya bi ta samanta. Na ji wannan tun kafin in iya karanta Fatiha. Amma miƙa hannu a tsoma alƙalami yana buƙatar a karya wuyan hannu ƙasa, kuma a warƙa ɗaya sai ka tsoma ba adadi. Kowace tsomawa kamar an soka min allura. Ran nan, ina cikin izu na arba'in da bakwai, zafin rana ya taso tun da wuri, gumi na bin bayana, rediyon maƙwabta na ta maganar hanyar da aka rufe, zuciyata ta ɗebe ni. Na ce bari in mayar da kurtun hagu in riƙe shi a hannu, in huta da wannan miƙa. Maimakon in zagaya da shi ta baya, sai na ɗauke shi da hannun daman, mai ciwon, na bi da shi ta saman warƙar da ke kan gwiwata.

Hannun ya saki. Ba zafi na ji ba, kawai yatsun ne suka buɗe. Kurtun ya kife a tsakiyar warƙar, jar tawada ta malale a kan baƙin Baba, ta gangara ta cinyata zuwa tabarma. Na sa bakin riga zan tsane, sai baƙin ma ya jiƙe ya biyo. Layi bakwai suka zama kwaɓaɓɓen abu guda, ya huda har bayan warƙar.

Carbin Baba ya tsaya.

"Sauran fa?" ya ce.

"Suna cikin gafaka, Baba. Ita kaɗai ce."

"Alhamdu lillahi." Ya ajiye carbin. Can ya ce, "Ba ni hannunka."

Na miƙa masa hagu. Ya ture shi. Na miƙa dama, ya kwance tsumman, ya bi gaɓar da yatsunsa a hankali har ya kai inda ya kumbura, ya ɗan danna, na yi ƙara. Ya shafa tafina, ya ji kantar da rodi ya yi min a gindin yatsu.

"Makonni nawa kana tsammanin ban sani ba? Kullum ka shigo kana warin tsatsa. Na ce bari in ga ko za ka faɗa."

Nan fa na fashe. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar, Allah ya yafe min. Na ce, "Me kuke so in yi? Kun manta ranar motar? Na kasa ɗaga ku, Baba! Mace ta ɗaga ku, da goyo, ni ina tsaye kamar turken akuya. Kun rene ni da hannun da ba ya iya komai sai ɗige-ɗige. In mutanen nan suka zo nan ma fa? Wa zai ɗaga ku?" Ina faɗa ina kuka, da jar tawada har gwiwar hannu. Goggo ta leƙo daga madafa, ta ga abin da ke tabarma, ta dafe ƙirji ta koma.

Baba bai saki hannuna ba. Ya ce, "Matar nan, Allah ya saka mata, ta ɗaga ni ta wuce. Gafakar fa, wa ya ɗauko ta kwana biyu a daji, ko gefen warƙa ɗaya bai lanƙwashe ba? Ni ban roƙi Allah ɗan dako ba." Ya numfasa. "Kuma ban hana ka ƙarfenka ba. Laifinka, ka shiga makarantar mutum ka raina malaminta. Ba ya gaya maka yadda ake riƙewa?"

Na ce ya gaya min.

"To ka ji."

Sai ya sa na zazzage gafakar. A can ƙasa akwai farar takarda irin wadda ya yi aikin da ita, guda ɗaya tak ta rage. Ya juya ta a hannunsa ya ce, "In hannun ya warke, kai za ka rubuta baƙin." Shekara goma ina jiran wannan maganar. Na sha tsara yadda ranar za ta kasance, da walima da addu'a. Ga ta ta zo, kuma wallahi da za a mayar min da warƙar Baba da na haƙura da baƙi har abada.

Wata guda da rabi ban taɓa alƙalami ko rodi ba, kuma ga mutum irina wannan ɗauri ne. Goggo ta kai ni wajen wani ma'aikacin asibiti a unguwar, ya ce ba karaya, jijiya ce na wahalar, ya ɗaure min ya ce hutu. Na yi ta zirga-zirga a tsakar gida har kajin Goggo suka daina gudu in na nufo su. Da hannun ya fara dawowa, Baba ya sa ni a allo. In rubuta shafin, ya shafa da yatsa, ya ce wanke. In sake, ya ce wanke. Na yi tsaki sau ɗaya, ya ce, "Saurin ai shi ya kawo mu nan." Ban sake ba.

A cikin kwanakin na koma wajen Oga, na gaishe shi da hannu biyu. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Malam ya dawo! Yau ƙafa nawa za a sa?" Na ce rodi kawai. Ya kama hannuna ya ɗora rodin a gindin tafi, ya naɗe babban yatsana a kai, ya miƙe gaɓar har ta yi layi ɗaya da ƙashin hannu. Na sauke, na tura. Ko ɗigon zafi ban ji ba. Haushin kaina ya kama ni, don abin da ya faɗa min tun ranar farko ke nan, cikin jimla uku.

Ranar da na rubuta warƙar, na yi alwala, na binne kurtun baƙi a yashi ta dama, na kwafi tsarin layukan daga abin da ya rage na tsohuwar. Tun hantsi har la'asar, gaba da baya. Da ta bushe na ba Baba. Tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, tana ɗan tashi a takarda, mai yatsa mai ji zai iya bin ta. Ya bi layi-layi, bakinsa na motsi. Ya ce, "Ka danna alƙalami da yawa. Ƙarfe ka ɗauke shi?" Ya sake bi har ƙasa. Sai ya miƙo min ya ce, "Sa mata ja, ka saka ta cikin 'yan'uwanta."

Tsohuwar kuma, yadda ake yi wa rubutu mai tsarki in ya lalace, muka ƙona ta a sabon kasko. Ni na kunna ashanar. Na ga layukan sama, waɗanda tawada ba ta taɓa ba, haruffan Baba masu kauri da tsayuwa, suna naɗewa suna baƙi. Na kai tokar bakin kogi, ƙasan gada, na zuba a ruwa. Na daɗe a tsaye a wurin, kuma ina jin shi ne karo na farko a shekarar da na tsaya wuri ɗaya ba tare da ƙafata tana rawa ba.

Ba mu koma Mubi ba. Baba ya rasu a Jimeta bayan shekara uku, ya ji na kammala jan izu sittin. Ranar jana'izarsa ina cikin waɗanda suka sauka kabari suka karɓe shi, kuma hannuna bai zame ba. Yanzu ina zaune a Shagari Lokos da iyalina, ina rubuta baƙi da ja duka, har yau kuma ina zuwa ɗaga ƙarfe sau uku a mako, a wani wuri mai fanka da madubi. In na ga sabon shiga ya karya hannu baya, nakan je in gyara masa. Yawancinsu kallon da na yi wa Oga suke min, ni kuma in ji kamar in make su.

Alƙur'anin yana wajena. Malamai kan zo su ce a nuna musu hannun Goni, in fito da shi, su yi ta buɗawa suna jinjina kai. Watan azumin da ya wuce wani dattijo, abokin karatun Baba, ya zo daga cikin Yola. Yana buɗawa yana murmushi, har ya kai izu na arba'in da bakwai. Ya tsaya, ya kusanto da warƙar ga idonsa, ya juya bayanta.

"Allah sarki," ya ce. "Tsufa bai bar kowa ba. Dubi nan, hannun Goni ya fara rawa."

Yana shirin wucewa, kuma da na yi shiru ba wanda zai taɓa sani. Na ɗora yatsana a gefen warƙar na ce, "A'a, Baffa. Hannun Baba bai taɓa rawa ba. Wannan nawa ne. Ku zauna in gaya muku yadda aka yi."